Otilia Murayari da Maganin da Ba Ya Ƙin Gishiri

Otilia Murayari ba ta iya dafa shinkafa ba. Duk wanda ya taɓa hawa jirgin ruwan da ke zirga-zirga tsakanin birnin Iquitos da garuruwanmu na kogin Ucayali ya san haka, ita ma ta sani. Ta yi shekara da shekaru tana riƙe da tukunyar jirgin, amma shinkafarta ko dai ta caɓe ko ta ƙi nuna. Idan aka buga ƙarfe, fasinjoji suka sauko daga ragar kwanciyarsu suka yi layi kowa da kwanonsa, sai an sami mai tsokanarta.

"Doña Otilia, yau kuma siminti aka dama mana?"

"Siminti ne. Ci ya toshe maka baki, mu huta."

Gajeriya ce, kakkaura, hannayenta duk tabon ƙuna. An haife ta a wani ƙauyen ƙabilar Kukama wanda kogi ya riga ya cinye gaɓarsa, har ba a iya nuna inda gidansu yake. Ba ta gama firamare ba. Ta auri Segundo, makanikin injin jirgi, ta bi shi cikin ruwa, da ya rasu aka bar mata tukunya. Iyakar abin da mutane suka sani ke nan. Sauran daga bakinta na ji, kuma ta yarda in rubuta, tun da yanzu ya daina zama sirri.

Ni malamin kimiyya ne a makarantar sakandare ta garinmu San Fermín, shi ya sa ake kira na Profe. Ɗa ɗaya gare ni, Wilder, uwarsa ta rasu tun yana ƙarami. Ya yi aiki a sansanin masu yankan katako, ya dawo gida da tari da rama. A Iquitos aka gwada jininsa, aka sami cuta mai karya garkuwar jiki. A lokacin, babban asibitin birni ne kaɗai ke ba da maganin. Ba a biyan komai, amma sai ka kwana a hanya kafin ka kai. Ya karɓo, ya dawo, ya kame baki ba tare da kowa ya umarce shi ba.

Da haka aka raine mu. Duk magani mai ƙarfi yana da sharaɗi. Idan mai maganin daji ya ba ka sassaƙe ko saiwa, ka bar gishiri ke nan, da sukari, da mai, da naman alade, sai gasasshiyar ayaba da kifi lami. Wanda ya karya sharaɗi kuma ya ci gaba da sha, maganin zai juyo kansa. Na gaya wa Wilder ƙwayoyin asibiti ba sa bukatar haka. Ya ce, "Na ji, Papá."

Ranar bikin San Juan ya ci ƙunshin shinkafa da kaza kamar kowa, da kitsensa da gishirinsa. Washegari ya ajiye ƙwayoyin, wai sai jikinsa ya wanku, kada su juyo kansa. Ba sau ɗaya ya yi haka ba. Matarsa Nélida ce ta gaya mini, bayan an binne shi. Asibiti sun ce tarin fuka ne ya kashe shi, kuma ba ni da hujjar da zan ce ba haka ba ne. Abin da na sani shi ne ya yi ta sha yana bari, kuma ranar da muka ɗauki akwatinsa ba shi da nauyi. Shekararsa talatin da ɗaya.

Jinin Nélida ma ya nuna cutar. Jikinta lafiya lau a lokacin. Ba ta koma gidan iyayenta ba, ta ci gaba da zama a ɗakinsu na bayan gidana, tana ɗinki. Bayan 'yan watanni maganin ya iso ƙaramin asibitinmu na San Fermín, wanda daga ƙofar gidana ana hango rufinsa. Na tsaya na karanta sanarwar da aka manna a bango, na koma gida.

Nélida ta ƙi zuwa. Ɗakin da ake ba da maganin ƙofarsa na kallon hanyar kasuwa, kuma mai ɗibar jini a wurin, Rober, ɗan ƙanwar mahaifiyarta ne.

"Papá, da Rober ya ga sunana gara in bi Wilder."

"Kada ki sake faɗin haka a gidan nan, 'yata."

"To ka kai ni Iquitos."

Na kai ta. Aka rubuta sunanta, aka ba ta kwalba, ƙwaya ɗaya kowace rana. A hanyar dawowa muka hau jirgin da Otilia ke dafa abinci.

Ina bayan Nélida a layi lokacin da ta miƙa kwanonta ta ce ayaba kawai za a sa mata, kuma ko akwai kifin da ba a sa wa gishiri ba. Otilia ta dakata da ludayi a sama. Ta dubi baƙar rigar makoki da ke jikin yarinyar, ta dubi fuskarta.

"Wane ɗan daji ne ya ba ki saiwa?"

"Ba kowa."

"Ba kowa. To in an gama ki zo ki taya ni wanke tukunya, na ga ba ki da aikin yi." Ta juyo kaina. "Kai ma, Profe. Zo ka riƙe mini murfi, ilimin nan ya yi rana."

Ɗakin girkin yana manne da injin, sai ka ɗaga murya na kusa da kai ke ji, na waje kuwa ba ya jin komai. Otilia ta sauko da wani tsohon gwangwanin madara daga saman kanta, ta buɗe, ta zaro kwalba ta ajiye a kan murfin da ke hannuna. Irin ta Nélida ce sak.

"Kin san wannan, ñaña?" in ji ta. Haka muke kiran ƙanwa a bakin kogi.

Nélida ta zauna a kan buhun shinkafa.

A nan Otilia ta ba mu labarinta, tana kankare gindin tukunya, ba ta kallon kowa. Segundo ya mutu ba a san abin da ya kashe shi ba. Bayan shekara biyu ita ma ta kwanta, aka kai ta Iquitos, aka gwada. A zamanin ƙwayoyin da yawa ne, safe da yamma. Ta kame baki kamar yadda kakarta ta koya mata, ta rame har zoben aurenta ya suɓule cikin miya, wani fasinja ya tsinta a kwanonsa. Aka sake kwantar da ita. Wata nas, ita ma 'yar kogi, ta kawo mata romon kifi mai gishiri, ta tsaya a kanta ta ce ba za ta gusa ba sai an shanye. Otilia ta sha don tsoron nas ɗin, ta kwanta tana jiran maganin ya juyo kanta. Bai juyo ba.

"Sai na zauna na yi tunani," in ji ta. "Kowane magani da uwarsa, ko ba haka ba? Na daji uwarsa a daji take, ba ta san gishiri ba, ba ta son warinsa, ga saurin fushi. In aka ba ni sassaƙe gobe, zan kame baki, ban daina ba. Amma wannan uwarsa 'yar birni ce. A cikin kwalba aka haife ta. Alade take ci, ta kora da lemon kwalba, babu ruwanta da abin da ke tukunyarki. Abu ɗaya ta ƙi jini, ki tsallake ta. Ki manta da ita yau, ta yi fushi. Ki yi ta mantawa, wata rana ki kira ta ta ce ba ta san ki ba."

A cikin aji ba haka zan faɗa ba. Amma ƙarshen maganar daidai yake, domin idan ana sha ana bari ƙwayar cutar takan koyi jure maganin. Na ci gaba da riƙe murfi.

Nélida ta ce a hankali, "Mijina ya ci ƙunshin San Juan."

"Ba ƙunshin ne ya cuce shi ba, ñaña. Kin san haka, ko ba ki sani ba?"

Ta zuba romo a kofi, ta ƙara gishiri a gabanmu, ta miƙa. Nélida ta daɗe tana riƙe da kofin har ya huce. Daga baya ta sha.

Mai jirgin bai san halin da Otilia ke ciki ba, haka ma'aikatan. "Waɗannan da ke zagin abincina suna lashe kwano," in ji ta, "ranar da suka ji, ba mai sake miƙo mini hannu. Ka je ka gaya musu ba a ɗauka ta abinci, Profe, ka ga ko za su ji." Saboda haka a ɓoye take aikinta. Duk garin da jirgi ya tsaya takan sauka da sunan sayen albasa, ta leƙa asibitin wurin ta yi tambaya. Ta san inda aka fara ba da maganin, da inda gwaji kawai ake yi, da inda ƙofar ke ɓoye a bayan gini. Idan ta ga fasinja mai rama yana gudun gishiri, sai ta kira shi wanke tukunya. Wanda ke jin kunyar garinsu takan tura shi garin gaba. Ba kullum take dacewa ba. Ta taɓa fito da kwalbarta a gaban wani dattijo wanda ashe sanyin ƙashi ke damunsa, ya zage ta tas, ya nemi fallasa ta, sai da ta toshe masa baki da cinyar kaza har ƙarshen tafiyar.

Kafin mu sauka ta tambayi inda Nélida za ta riƙa karɓa.

"Iquitos."

"Alhali ga shi a ƙofar gidanku? San Fermín na bayarwa, na gani da idona."

"Akwai ɗan'uwana a wurin."

"To sai me? Cinye ki zai yi? Ke dai wawiya ce. Kogin nan ba ya yi wa kowa alkawari."

Nélida ba ta ji ba, ni ma ban iya tanƙwara ta ba. Amma ta koma cin abinci kamar mutane, ta yi ƙiba kaɗan, ba ta tsallake ƙwayarta. Idan kwalbar ta yi ƙasa sai mu hau jirgi. Wani lokaci mu dace da Otilia, ta cika wa Nélida kwano fiye da na kowa, ta bi ta da zagi.

Sai ranin da kogi ya janye fiye da yadda tsofaffi suka taɓa gani. Yashi ya fito a tsakiyar ruwa fari fat, manyan jirage suka kakkafe. Ƙananan kwalekwale ne kawai ke wucewa, su ma ba sa kaiwa Iquitos, kuma garin da ke kusa da mu gwaji kawai asibitinsa ke yi. Kwalbar Nélida ta yi ƙasa. Na lura ta fara sha yau ta bar gobe, don ya kai ta. Na je asibitinmu da kaina, nas ta ce a shirye suke, amma dole mai maganin ta zo a rubuta ta a ɗebi jininta. Na dawo na gaya mata.

"Ruwa zai dawo, Papá."

"Ba a watan nan ba."

"Zai dawo."

Na riga na ga wannan hanyar sau ɗaya, na san inda take ƙarewa. Na roƙe ta. Ban taɓa roƙon kowa haka ba. Ta yi kuka, ta ce in yafe mata, ta shiga ɗaki.

Jirgin su Otilia na cikin waɗanda suka kafe, a ƙasan garinmu kaɗan. Ma'aikatansa sukan tako ta kan yashi su zo kasuwa cefane. Wata safiya Otilia ta shigo gidana da kwando a hannu, ba ta ko gaishe ni da kyau ba, ta wuce ɗakin baya. Ta ce a ba ta kwalbar. Ta kaɗa ta kusa da kunne, ta buɗe ta leƙa.

"Yaushe kika karɓo?"

Nélida ta faɗa.

"Ai da tuni ya ƙare. Kina tsallake ta."

"Ina jiran ruwa ne, Doña Otilia."

"Ruwa! Ki jira shi ya zo ya wanke miki kabari." Ta ajiye kwandon, ta zauna a bakin gado tana haki. Sannan ta sa hannu a aljihun rigarta ta fito da tata kwalbar. "Nawa ma ya yi ƙasa. Ni dai asibitin nan zan je yanzu. Ki raka ni, ƙafata na ciwo. In an tambaye ki, ki ce tsohuwa kika rako."

Na ce, "Doña Otilia, rabin mutanen kasuwar nan fasinjojinki ne."

"Na fi ka saninsu, Profe. Har kwanukansu na sani."

Muka fita mu uku. Lokacin kasuwa ta cika. Otilia na gaba, kwalbar a hannunta a fili, ba ta mayar da ita aljihu ba. Nélida na bayanta da kai a sunkuye, ni ina can baya. Wani mai sayar da kifi, Don Fulgencio, wanda ya fi kowa yawan hawa jirginsu, ya hango ta.

"Doña Otilia! An ce jirginku ya yi saiwa a yashi, har ya fara toho. Ina aka nufa da sassafe?"

"Asibiti. Magani zan karɓa."

"Ke ma kina ciwo? Ai na ɗauka ciwo ne ke tsoronki. Maganin me?"

Ta tsaya cak. Ta ɗaga kwalbar yadda na nesa ma zai gani.

"Na ƙanjamau. Duk shekarun nan ina ɗauke da shi nake ciyar da kai, ga ka nan ƙato kamar alade. Akwai wata tambayar?"

Dariyar da ke bakinsa ta tsaya. Masu ayaba da masu rogo duk suka juyo, wata mata ta ja ɗiyarta gefe. Ba wanda ya dubi Nélida. Otilia ta tsallaka hanya a hankali, tana ɗingishin da ban san ta da shi ba, ta dafa kafaɗar yarinyar, suka shiga ƙofar tare.

Na bi su ciki. Nas ta karɓi kwalbar Otilia, sannan ta dubi Nélida tana jira. Nélida ta buɗe jakarta, ta fito da tata, ta ajiye kusa da ɗayar. Nas ta buga waya Iquitos aka dawo da sunayensu biyu nan. Sai aka kira Rober ya ɗebi jini. Ya shigo, ya ga wadda ke zaune, ya ɗan tsaya. Ya jawo kujera ya zauna a gabanta.

"Miƙo hannun, ñaña. Kalli bango, na san ki da tsoron allura."

Bai ƙara komai ba, a ranar ko bayanta.

Na ga kwalbar Otilia lokacin da nas ta zazzage ta a faranti. Ƙwayoyin da ke ciki sun isa su kai ta har ruwa ya dawo. Ban ce mata na gani ba.

Labari ya riga ta isa jirgi. Da ruwa ya taso, mai jirgin ya ɗauki wata mai girki, bai faɗi dalili ba, ita ma ba ta tambaya ba. Ta kwaso gwangwaninta da ludayinta da ragar kwanciyarta, ta kama ɗaki a San Fermín. Yanzu tana gasa kifi da ayaba a ƙarƙashin bishiyar mangwaro da ke gefen asibitin. Da farko ma'aikatan asibitin ne kawai ke saye, sai ni da Nélida. Daga baya wasu suka fara tsayawa, wasu har yau sukan tsallaka ɗaya gefen hanya. Waɗanda ke zuwa daga ƙauyuka, suna ta kai-komo a bakin ƙofa sun kasa shiga, takan kira su su riƙe mata mafici.

Dabarar ba ta rufe Nélida har abada ba. Gari ƙarami ne, an ga tana komawa ita kaɗai. Wasu matan sun daina kawo mata ɗinki, mahaifiyarta ta yi wata guda ba ta zo gidan ba, sannan ta zo.

Da na fara wannan rubutu na je na zauna a bencin Otilia, na tambaye ta ko ta taɓa yin nadama.

"Kullum," in ji ta, tana juya kifi. "Ina son jirgin nan, Profe. A cikinsa na tsufa. Har yanzu in na kwanta ƙasa ba ta motsi, barci ba ya zuwa. Kada ka rubuta cewa ban damu ba, ƙarya ce."

"Me zan rubuta?"

"Rubuta cewa akwai shi a nan, kyauta, a daina wahalar hawa jirgi. Kuma ka biya kifin nan, ba sadaka nake yi ba."

Nélida na zuwa ranar da aka yanka mata, ta hanyar kasuwa, ba ta jiran rakiya. A gwajin da aka yi mata na baya-bayan nan, ƙwayar cutar ta yi ƙasa har na'ura ba ta iya ƙirga ta. A bana ta cika shekara talatin da biyu.